Gani Ya Kori Ji: Roƙonmu Ga Iyaye A Kan Fitar 'Yan Sakandare Zuwa Fadama

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan sashen ilimi suka gabatar wa iyaye, malamai da dattawan ikilisiyoyinmu na ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙon masu bishara su karanta wa jama'a bayan sujada.

  Mun san wasu sun bar ban ruwan albasa, wasu sun bar shinkafa a fadama ba mai tsaro, don su amsa wannan kira. Allah ya sāka muku.

Kun saba ganinmu da maganar rijiya, ko irin shuka, ko gidan sauro, ko kayan agaji bayan ambaliya. Yau kuwa maganar tsuntsaye ce ta kawo mu. Mun tabbata akwai wanda ya riga ya ce a ransa, mutanen nan sun rasa abin yi. Ku yi haƙuri ku saurare mu har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Safiya biyu ce a shekara. Muna so ku bar 'ya'yanku da ke babbar sakandare, maza da mata, su bi malaminsu na bayoloji zuwa fadama ko tafkin da ya fi kusa da makarantarsu, su zauna su dubi tsuntsayen ruwa, su ƙirga su, su rubuta abin da suka gani. Safiya ɗaya cikin hunturu, a watan Janairu. Ɗayar kuma a bakin damina, lokacin da shamuwa ta iso.

Bari mu fara da abin da ya fi damun kowane uba da ke biyan kuɗin jarrabawa. A manhajar bayoloji ta WAEC da NECO akwai babban sashe a kan halittu da muhallinsu: inda kowace halitta take zama, abin da take ci, abin da yake cinta, da yadda jikinta ya dace da wurin zamanta. Ana iya ajiye wa yaro hoton baki ko ƙafar tsuntsu a ce ya faɗi abin da tsuntsun yake ci da inda yake kiwo, ya kuma ba da dalili. A yawancin makarantun ƙauye ɗakin gwaji fanko ne, littafi ɗaya yara da yawa ke rabawa. Malam ya zana a allo, yara su kwafa, su haddace. Ranar jarrabawa idan aka ɗan juya tambayar sai hadda ta watse. Abin takaicin shi ne, amsar tambayar tana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin gulbi, yaron kuma ya wuce ta da safe a hanyarsa ta zuwa makaranta. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke cikin littafin Turanci shi ne wannan zalɓen.

Allah ya yi wa ƙasarmu baiwar da makarantun birni ba su da ita. Gulbin Zamfara, wanda a nan muke kira gulbin Gindi, ya bi ta gefen Jega ya gangara ya haɗu da gulbin Kabi. Duk damina yana tumbatsa ya shimfiɗa ruwa a fadama, idan ya janye ya bar tafkuna da laka da ciyawa. Wannan lakar ita ke ba mu shinkafa, ita kuma ke ciyar da tsuntsaye. A wajen Aliero, inda babban ruwa ya yi nisa, akwai kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa, da gonakin albasa masu laima duk rani. Ko ƙaramin tafki ya isa darasi.

Ku ɗauki zalɓe. Yaro ya zauna minti goma yana kallonsa, zai ga doguwar ƙafa da ke ba shi damar shiga ruwa jikinsa bai jiƙe ba. Zai ga dogon wuya a lanƙwashe, da baki mai tsini kamar mashi. Zai ga yadda yake tsayawa cik kamar an dasa shi, sai farat ɗaya wuyan ya miƙe, kifi ko kwaɗo na baki. Idan ya tashi sama kuma sai ya naɗe wuyansa, alhali shamuwa da gauraka a miƙe suke barin nasu. Da wannan kaɗai yaro zai raba su tun daga nesa. Can gefe ga kirinjijiya, mai farar fuska da fito, bakinta faffaɗa ne na tace iri da ciyawa daga ruwa, yatsunta a haɗe da fata don iyo. Yawanci da dare take kiwo, shi ya sa da rana za ka same su a tare a kan yashi suna hutawa. Ga dinya, wadda ta fi duk agwagin Afirka girma, da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike. Ga jinjimi mai lanƙwasasshen baki yana lalube cikin laka, yana samun abinci da taɓawa, ko bai gani ba. Ga zakaran ƙeƙuwa, wanda ba ya saƙa sheƙa a itace, a ƙasa yake ƙwai, ƙwan kuma launin ƙasar ne, har mutum ya kusa takawa bai gani ba. Duk a tafki ɗaya suke, amma kowa da irin bakinsa, kowa da zurfin ruwan da yake kiwo, shi ya sa ba su cika tsole wa juna ido ba. Abin da littafi ya ɓata shafi uku yana bayani ke nan.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai jikin ja-ja da farin wuya, wanda yake tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, suna raba nauyinsa a kan ganye, shi ya sa ba ya nutsewa. A wurinsu namiji ne yake kwanci a kan ƙwai, shi yake renon 'ya'ya, idan ya ji tsoro ya ɗauke su a ƙarƙashin fiffike ya gudu, ƙafafunsu na reto. Mun ga iyayenmu mata suna murmushi. To, maza, kun ji.

Balbela kuma kowa ya san ta da bin shanu. Da yawa suna cewa kaska take ci. Ku bar yara su zauna su duba da kansu. Za su ga yawancin abin da take kamawa fara ne da sauran ƙwarin da kofaton saniya ya tayar daga ciyawa. Mai cin kaska na ainihi shi ne carki, wanda yake maƙalewa a jikin dabbar. Yaron da ya gano wannan da idonsa ya koyi abin da ya fi sunan tsuntsu: ya koyi gwada magana kafin ya karɓe ta. Wannan balbelar da muke rainawa kuwa ta ƙetare tekun Atlantika da fiffikenta. An fara ganinta a Kudancin Amurka a 1877, yau tana bin shanu har a ƙasar Amurka.

Yanzu mu zo kan matafiya, domin nan ne yara suka fi buɗe baki. Kakanninmu ba su da kalandar bango, amma idan suka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, sun san lokacin gyaran gona ya yi. Ba a taɓa ta, ba a ɗibar ƙwanta. A nan take saƙa sheƙa ta yi 'ya'ya cikin damina, tana cin fara da tsutsotsi, idan kaka ta yi ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa yake sauka lokacin da mu muke rani. Damina take bi duk shekara. A Irmiya sura 8 aya 7, da tsuntsu irin wannan Ubangiji ya kunyata mutanensa, domin tsuntsu yana kiyaye lokacin da aka sa masa, mutum kuwa ya ƙi kiyaye umarnin da aka ba shi. Annabin da ya faɗi haka mutum ne da ya ɗaga kai ya lura da zuwan tsuntsaye da komawarsu. Ba laifi 'ya'yanmu su yi koyi da shi.

Bayan shamuwa ta tafi sai wasu baƙin su iso daga arewa. Daga wajen Oktoba zuwa Maris, fadamun ƙasashen da ke bakin hamada, daga Senegal har tafkin Chadi, suna karɓar tsuntsayen da suka ƙyanƙyashe a Turai da Rasha, waɗanda sanyi ya koro. Akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta yake da farin zane a bisa ido. Akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke gudu a bakin laka. Akwai tsattsewa, da wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu. Sun ƙetare teku, sun ƙetare Sahara wadda faɗinta ya wuce kilomita 1,500, wasunsu kuwa nauyinsu bai kai na ƙwan kaza ba. Kafin su tashi sukan ci su tara kitse, shi ne man tafiyarsu.

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har masu ilimi cikinsu sun taɓa yarda cewa tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci har sanyi ya wuce. A shekarar 1822, kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwar Turai, sai ga mashi mai tsawon kusan santimita 80 a soke a wuyanta, itacensa kuma na Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta a nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har Jamus. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya masana a ƙasar Holan suka lura cewa a shekarun da kogin Kwara da kogin Senegal suka yi ƙarancin ruwa, wani irin zalɓe da ke ƙyanƙyasa a ƙasarsu yakan koma da ƙaranci. Dattawan da ke nan sun tuna farin 1973 da na 1984. Yunwar da ta taɓa gidajenmu a lokacin, ta taɓa har tsuntsayen da ake jira a Turai. Yaron da ya ji wannan yana tsaye a bakin tafkin ƙauyensu, ba zai ƙara ganin ƙauyen a matsayin bayan duniya ba.

Domin irin wannan ne ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, kuma ake tunawa da ranar kowace shekara. Nijeriya ta shiga a 2001, wurin farko da ta sa a ciki shi ne tafkin Nguru, cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Mutanen can sun ga abin da ke faruwa idan aka taɓa tafiyar ruwa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka sha wahala, kacalar kuma ta zama makwancin jan baki. Tamu fadamar ba ta fi ƙarfin irin wannan ba.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa hukumar agaji ta sa baki cikin maganar. Tsuntsun ruwa yana saman jerin masu ci. Gansakuka da ciyawa suna ciyar da ƙwari da talibambam, su kuma su ciyar da ƙananan kifi da kwaɗi, zalɓe ya ci waɗannan. Malamai suna kiran wannan sarƙar abinci. Duk abin da aka zuba a ruwa yana bin sarƙar nan yana hawa, wasu magungunan kuma ba sa narkewa, taruwa suke yi a kitsen mai ci, na sama ya fi kowa kwasa. A Amurka maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwan tsuntsaye masu cin kifi ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa, har aka hana amfani da shi a gona a 1972. Mu ma a nan mun san masu zuba gamalin a tafki don kifi ya taso, mun san masu wanke tankin feshi a ruwan da ake sha. To, wa ke tsaye kusa da zalɓe a saman sarƙar nan? Mu ne, da 'ya'yanmu, da mai ciki da ke shan romon kifin. Idan tafki ya yi shiru, tsuntsayen da aka saba gani suka ɗauke ƙafa, gargaɗi ne ya iso tun kafin asibiti ta gaya mana.

Ku tambayi tsofaffi labarin gauraka, mai tukkun zinariya a ka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya. Dā ana jin kukanta a fadamu. Yau da wuya a gan ta a daji a ƙasar nan, sai dai a gidan wani babban mutum, an yanke mata fiffike. Kamu don sayarwa da nome wuraren da take ƙwai su suka ƙarar da ita. Ba rana ɗaya ta ɓace ba. Kowace shekara tana raguwa kaɗan, ba mai ƙirgawa, ba mai rubutawa, har aka wayi gari yaranmu ba su san ta ba sai a karin magana. Ungulu ma ga ta nan tana bin sawu, ku duba mahautar garinku ku gani.

Mun san abin da manoman shinkafa ke jira mu faɗa. Za ku ce, ku da kuke yabon tsuntsaye, kun taɓa kwana a gona kuna korar jan baki? Gaskiyarku. Jan baki masifa ce. Ɗan tsuntsu ne mai nauyin kusan giram 20, amma yana iya cin kusan rabin nauyinsa a yini, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, garkensa kamar hayaƙi yake rufe sama. Masana suna lissafa shi a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Tun da noman shinkafar rani ya bunƙasa a jihar Kabi, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a Nuwamba 2015, ya sami abinci a lokacin da dā babu. Mun kuma san yara nawa ne ke rasa aji saboda suna gona da gwangwani da majajjawa. Ba mu zo mu ce ku ƙaunaci jan baki ba. Abin da muke cewa shi ne a san shi. Asalin abincinsa irin ciyawar daji ne, yana afka wa gona sosai idan wannan ya ƙare. Yana kwana a tare wuri guda, cikin ƙaya ko dogayen ciyayin ruwa, yana sha da safe da yamma. Ɗalibin da ya iya raba shi da marai da sauran ƙananan tsuntsaye, ya iya bin inda garke ya nufa da magariba ya gano makwancinsa, zai kai wa malamin gona labari mai amfani tun kafin shinkafa ta yi nono. Maganin da ake fesawa daga jirgin sama kuwa ba ya tambayar sunan tsuntsu. Yana kashe wanda ya tarar, shirwa da shahon da suka ci gawar su ma su bi. Kada kuma kowa ya tsinci tsuntsun da aka fesa ya kai tukunya ko kasuwa. Idan aka san makwancin daidai, feshin zai tsaya wuri kaɗan, balbela da shamuwa masu cinye mana fara su tsira.

Yaya fitar za ta kasance? A taƙaice, za a tashi da asuba a isa bakin ruwa kafin ƙarfe 7, a koma gida kafin ƙarfe 10. Da ƙafa za a je, babu kuɗin mota, babu kuɗin komai. Kowane yaro da littafin rubutu da fensir da gorar ruwan sha daga gida. Za a raba su kada rukuni ya wuce goma, kowane rukuni da babba. A zauna rana tana bayan mutum, a yi shiru, kada a sa fararen kaya masu ɗaukar ido. Madubin hangen nesa yana da amfani idan an samu, amma rashinsa ba ya hana komai, idon ɗan ƙauye ya fi na malaminsa kaifi. Kowa ya zaɓi tsuntsu ɗaya ya zana bakinsa da ƙafarsa, ya rubuta abin da ya ga yana ci da inda yake tsaye. Sa'an nan a yi ƙirga. Idan garke ne, a ƙirga goma a ga girman gurbin da suka cika, a riƙa auna sauran da shi. Yara biyu su ƙirga dabam, a gwada. Idan lissafinsu ya saɓa, wannan ma darasi ne.

Ƙirgar nan ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce aka fi saurin rainawa. Ƙirgar shekara ɗaya ba ta faɗin komai. Amma idan aka koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, a lokaci ɗaya, shekara biyar ko goma, aka rubuta har da inda ruwa ya kai da abin da aka shuka a gefe, littafin nan zai zama shaida. Ranar da za a zauna gaban hakimi ko jami'in ƙaramar hukuma a kan tafkin da ke ƙafewa, ƙauyen da ke da rubutu ya fi ƙauyen da ke cewa dā ba haka yake ba. Tun 1967 ake irin wannan ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa kowane Janairu, akasarin masu yinta kuma 'yan sa kai ne. Shi ya sa muka zaɓi Janairu. Muna so littafin kowace makaranta ya zauna a hannun shugabanta, kwafi kuma a wurin dattawan gari, domin malamai ana yi musu canjin wurin aiki.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda aka kafa a 2006, a ƙofar gidanmu. A Jos kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke horar da masana daga ƙasashen Afirka. Ba mu yi wa kowa alkawarin 'ya'yansa za su kai can ba. Amma likita da malamin gona da nas duk ta ƙofar bayoloji suke shiga.

Yanzu mu taɓa abin da ke zuciyar iyaye mata, wato tsoro. Ba za mu raina shi ba. Dukanmu mun tuna ɗaliban da aka sace a Birnin Yawuri a Yuni 2021, da 'yan matan Maga a Nuwamba 2025. Saboda haka ba za a kai yara daji mai nisa ba, ba za a kwana ba, ba za a yi shelar rana da wuri a kasuwa ba. Wurin da za a je sai wanda mai gari da dattawa suka amince da shi a daren ranar, inda manoma ke aiki ana ganin juna. Idan aka ji ko ƙishin-ƙishin, an fasa, ba gardama. Ba mai shiga kwalekwale. Haɗarin jirgin ruwa na Warra a Mayu 2021 ya ishe mu wa'azi. Ba kuma mai shiga ruwa ko da iya idon sawu, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwan da ke kwance, ta huda fata ta shiga jiki, daga baya yaro ya riƙa fitsarin jini. Wasu har yanzu suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, tana da magani a asibiti, idan aka bar ta kuma tana lalata mafitsara. Malam zai nuna musu katantanwar daga tudu, ya bayyana yadda cutar ke zagayawa, domin ita ma tana cikin manhaja. Mataccen tsuntsu ba a taɓa shi. Murar tsuntsaye ta bayyana a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairu 2006, kuma takan sake ɓullowa. Wanda ya ga tsuntsaye da yawa a mace ya gaya wa malamin dabbobi. Danƙo da tarko su zauna a gida, ƙwai da sheƙa a bar su inda suke.

Game da 'yan mata, muna roƙo da babbar murya. Jarrabawa ɗaya za su rubuta da maza. Idan aka ce Asabar ranar wanki da ɗiban ruwa ce, aka riƙe su, an rage musu maki tun daga gida. Muna so zumuntar mata ta kowace ikilisiya ta ba da uwa ɗaya ko biyu da za su raka su. Mun sa fitar ranar Asabar ne don kada ta taɓa sujadar Lahadi, kada kuma ta taɓa Juma'ar 'yan'uwanmu Musulmi, gama yawancin abokan ajin 'ya'yanmu su ne, fadamar kuma tamu ce mu duka. Kafin a taka gonar kowa za a nemi izini. Za a gai da sarkin ruwa da masunta, a gai da Fulanin da ke shayar da shanu, a bi kan kunya, kada a tattake shukar mutane.

Ku kuma iyayenmu dattawa, aikinku ya fi na rakiya. Malamin bayoloji ya san sunan Turanci da na Latin, amma sau da yawa baƙo ne a garin, bai san inda dinya take sauka ba, bai san wace shekara ruwa ya kai gindin wace giginya ba. Ku kuka sani. A Farawa sura 2 aikin farko da aka ba Adamu shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta, sa'an nan aka kawo masa dabbobi da tsuntsaye ya raɗa musu suna. Sunayen nan suna ɓacewa daga bakin yaranmu. A cikin ikilisiyoyinmu akwai masu jin Dakarci, akwai Kambari, akwai Dukawa, ga Hausar Kabi, ga Fulatanci a maƙwabta. Muna so kowane tsuntsu a rubuta sunansa da kowane harshen da aka samu, a gefen na littafi. Ɗan tsuntsun nan mai tafiya a kan bado da gangan muka ƙi kiran sunansa, muna so yara su jiyo shi daga bakinku.

Abin da ya rage shi ne sunaye. Kafin a tashi, sakataren kowace ikilisiya ya rubuta mana dattijo ɗaya da uwa ɗaya da suka yarda su yi rakiya, da sunan tafki ko fadamar da suke ganin ta dace. Takardar neman izini za ta zo ta hannun yaranku daga makaranta, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Wanda yake da tsohon madubin hangen nesa a akwati, ko wani tsohon soja da ya san inda za a samu aro, ya gan mu a bakin ƙofa. Malamai kuma za su tsaya bayan addu'a mu tsara ranaku tare da shugabannin makarantunsu.

 Shugaban taro, idan akwai masu tambaya, a ba su dama, mu fara da iyayenmu mata.